Tsoron Shiga Jama'a: Shin Jini ko Hoton Ƙwaƙwalwa Na Iya Nuna Shi?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru a kan ciwon tsoron shiga jama'a, wato fargabar da ke kama mutum in ya ji idon mutane na kansa, har ta hana shi karatu ko aiki ko neman abin da yake so. Likitocin ƙwaƙwalwa da masana gwaje-gwajen asibiti na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Shekaruna 24. Duk lokacin da aka ce in yi magana a gaban mutane sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, muryata ta riƙa rawa. Na bar darussa biyu saboda gudun tsayuwa gaban aji. Akwai gwajin jini da zai tabbatar mini ciwo ne, ba raunin zuciya ba? *Daga wata ɗaliba*

Amsa: 'Yar'uwa, babu gwajin jini, ko na fitsari, ko na yawu da ke tabbatar da wannan ciwo. Amma rashin gwaji bai mai da shi ƙarya ba.

Alamar da likita zai dogara da ita sai ta raba mai ciwo da mai lafiya a jikin mutum guda. Ɗauki ciwon sukari: in sukarin jini kafin a karya kumallo ya kai 126 mg/dL a gwaji biyu, magana ta ƙare. A tsoron jama'a kuwa, abubuwan da aka gano suna fitowa ne in an kwatanta rukuni da rukuni. Kamar tsawon maza da mata ne. A jimlace maza sun fi tsawo, amma in aka ce miki wani yana da tsawon santimita 168, ba za ki iya rantsewa namiji ne ko mace ba. Haka kotizol, wato sinadarin da jiki ke saki in hankali ya tashi, da bugun zuciya, da hoton ƙwaƙwalwa suke a wannan fanni.

Da hira ake gano ciwon. Likita zai duba abubuwa huɗu: tsoron ya shafi yanayin da wasu za su iya lura da ke ko su yanke miki hukunci, kina kauce wa yanayin ko kina daurewa cikin azaba, abin ya kai wata 6 ko fiye, kuma ya taɓa karatunki ko aikinki ko mu'amalarki. Na ƙarshen nan shi ke raba shi da kunya. Mai kunya yakan ɗan noƙe, sannan ya sake. Ke kin bar darussa biyu, saboda haka kin cancanci a duba ki.

Akwai kuma ma'aunin tambayoyi da likitan ƙwaƙwalwa Michael Liebowitz ya fitar a 1987. Yanayi 24 ne a ciki, irin su yin waya a gaban mutane, cin abinci a bainar jama'a, magana da wani babba, da shiga ɗaki bayan kowa ya zauna. Kowanne ana ba shi maki 0 zuwa 3 na tsoro, da 0 zuwa 3 na kaucewa, jimla 144. Daga 30 ake fara zargin ciwon, daga 60 kuma ana ganin ya mamaye yawancin mu'amala. Amfaninsa mafi girma shi ne a cike shi kafin a fara magani, a sake cikewa bayan kowane wata guda, a ga ko makin na sauka. A yau wannan takarda ta fi kowane gwajin jini faɗa wa likita gaskiyar halin da kike ciki.

Tambaya: To in haka ne, me ya sa likita ya tura ni gwajin jini da na kai masa irin wannan kuka? *Daga wani ma'aikaci*

Amsa: Malam, daidai ya yi. Ba tsoron yake nema a jinin ba, yana neman cututtukan da ke shigar burtu da kamanninsa.

Na farko shi ne yawan aikin tayirod, wato ƙullutun da ke gaban wuya. Yana kawo bugun zuciya, rawar hannu, gumi da rashin natsuwa. Ana auna TSH, sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki, wanda a yawancin ɗakunan gwaji yake tsakanin 0.4 da 4.0, in ya faɗi ƙasa sosai sai a auna T4, sinadarin da tayirod ɗin kansa ke fitarwa. Sai ƙarancin jini, da faɗuwar sukari, da rikicewar bugun zuciya wadda ake gani a ECG, gwajin da ke zana bugun zuciya. Akwai rawar hannu ta gado, wadda ke tashi in mutum ya ɗaga kofi ko yana rubutu ko da babu kowa a ɗakin. Akwai wani ƙari da ba kasafai ake samunsa ba a saman ƙoda, mai kawo ciwon kai da gumi da hauhawar jini lokaci zuwa lokaci. Kada kuma a manta da abin da mutum ke sha: kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi, fiye da miligiram 400 a rana, da salbutamol na masu asma, da wasu magungunan mura, duk suna sa jiki ɓari.

Ga tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka koma: alamun suna zuwa in kana kai kaɗai? Mai tsoron jama'a in ya rufe ƙofa, jikinsa yakan lafa. Mai ciwon tayirod zuciyarsa na gudu ko yana barci, yana ramewa alhali yana ci sosai, kuma zafi na damunsa fiye da kowa.

Tambaya: Na karanta cewa hoton MRI na nuna wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ke "kunnuwa" a masu wannan ciwo. In biya a yi mini? *Daga wani mai karatu*

Amsa: Ajiye kuɗinka, ɗan'uwa.

Ɓangaren da kake nufi shi ne amigdala. Guda biyu ne, ɗaya a kowane gefe, can cikin ƙwaƙwalwa daura da kunne, kowanne bai wuce girman ɗan yatsa ba. Aikinsu tsinkayar haɗari da tayar da jiki tun kafin tunani ya gama lissafi. An sha nuna cewa in aka sa masu tsoron jama'a cikin na'ura aka nuna musu fuskokin fushi ko raini, amigdalarsu ta fi ta sauran mutane motsi, haka ma wani sashe da ake kira insula, mai sauraron abin da ke faruwa a cikin jiki. Wannan na daga cikin sakamakon da ya fi tsayuwa a fannin.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Hoton MRI na asibiti siffar ƙwaƙwalwa yake nunawa, kuma siffar taka za ta fito lafiya lau. Wanda ake bincike da shi, fMRI, sauyin iskar oksijin a jini yake bi, kuma launin ja da rawaya da kake gani a hotunan mujallu lissafi ne da aka haɗa daga mutane da yawa, ba hoton kan mutum guda ba. In aka auna amigdalar mutum ɗaya yau, aka sake bayan mako biyu, sau da yawa lambobin ba sa haɗuwa. Ƙari a kan haka, irin wannan motsi ana ganinsa a masu tsoron maciji ko gizo-gizo, da masu ciwon firgici bayan bala'i. Alamar da ke fitowa a cututtuka uku ba ta iya faɗin wanne ne. Wani babban nazari da ya fito a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa sai an haɗa dubban mutane kafin alaƙar hoton ƙwaƙwalwa da halayya ta tsaya da ƙafarta, alhali yawancin binciken baya da mutum ashirin ko talatin aka yi shi.

Hoton kai na da wurinsa: in halin mutum ya sauya farat ɗaya bayan ya manyanta, ko akwai farfaɗiya, ko shanyewar wani ɓangare, ko ciwon kai mai ƙaruwa da amai. Tsoron jama'a yakan fara ne wajen shekara 13. Wanda ya fara shi yana da 50 ba tare da wani dalili ba, a bincike shi da kyau.

Tambaya: Ina shirin aikin bincike na kammala digiri a kan kotizol na yawu a masu tsoron jama'a. Yaya ake yi, kuma ina ake yin kuskure? *Daga ɗalibin kimiyyar gwaje-gwaje*

Amsa: Madalla da wannan tambaya. Ka fara da sanin cewa hanyoyi biyu jiki ke bi in ya firgita. Ta farko ta jijiyoyi ce, mai sakin adirenalin cikin daƙiƙoƙi. Ita ke kawo bugun zuciya da gumi da bushewar baki. Ta biyu mai nawa ce: wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos ya aika wa fituwitari, ƙullutun da ke ƙarƙashinsa, saƙo, fituwitari ya saki sinadarin ACTH, shi kuma ya sa ƙullutun saman ƙoda su saki kotizol. Wannan ba ya kai ƙololuwa a yawu sai bayan minti 20 zuwa 30 da fara tashin hankalin. Kuskuren farko ke nan: wanda ya ɗebi yawu nan take bayan jawabi ya tattara kayansa, ya tafi kafin baƙon ya iso.

Gwajin da aka fi amfani da shi an tsara shi ne a Jami'ar Trier ta Jamus, Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa suka wallafa shi a 1993. Ana ba mutum 'yan mintoci ya shirya, sannan ya tsaya minti 5 yana jawabin neman aiki a gaban alƙalai biyu ko uku sanye da fararen riguna, ga kyamara ga makirufo. An horar da alƙalan kada su yi murmushi, kada su gyaɗa kai. Daga nan sai minti 5 na lissafin ka: ya riƙa cire 13 daga 1022, in ya yi kuskure a ce ya koma farko. Abu biyu ne ke tayar da kotizol a nan, idon mutane da rashin iko a kan abin da ke faruwa. In alƙalinka ya tausaya ya yi murmushi, ka ɓata gwajin.

Ka ɗebi yawu kafin a fara, bayan mutum ya huta aƙalla minti 30 a ɗakin, sannan da an gama, sai bayan minti 10, 20, 30, 45 da 60. Ana tauna audugar gwaji minti ɗaya zuwa biyu, a ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Yi komai da rana bayan azahar, domin kotizol yakan yi sama minti 30 zuwa 45 bayan tashi daga barci, ya riƙa sauka har tsakar dare. Safiya za ta rufe maka abin da kake nema. Awa guda kafin gwaji ba ci, ba sha in ban da ruwa, ba taba, ba goge haƙori, don ɗigon jini daga dasashi na ɗaga lambar. Rubuta wace mace ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin tana rage kotizol da ke fitowa a yawu, da kuma ranar da take a zagayen al'adarta. Cire masu shan magungunan sitiroyid. Kada kuma ka maimaita gwajin ga mutum guda kana tsammanin sakamako iri ɗaya: a karo na biyu jiki ya saba, martanin ya ragu.

Game da abin da za ka samu, shirya ranka. Wasu masu bincike sun ga kotizol ya fi tashi a masu ciwon, da yawa ba su ga bambanci ba, wasu ma sun ga ya dusashe, musamman in akwai ciwon damuwa tare. Abin da kusan kowa ke samu shi ne masu ciwon sun fi faɗin cewa sun firgita. Saboda haka ka auna duka biyun, abin da mutum ya ji da abin da yawu ya nuna. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi kotizol ɗin kansa ban sha'awa. In kuɗin bincikenka sun isa, ƙara auna alfa-amiles, wani sinadari na yawu, wanda ke bin hanyar adirenalin kuma yake tashi da wuri.

Tambaya: Agogon hannuna na nuna bugun zuciyata ya kai 125 in zan yi magana a taro, kuma yana cewa "bambancin bugu" na ya yi ƙasa. Ina jin kowa na ganin yadda nake rawa. *Daga wata malamar makaranta*

Amsa: Malama, bugu 125 a lokacin jawabi ba abin mamaki ba ne. Mutanen da ba su da ciwon komai ma zuciyarsu na haura 100 in sun tsaya gaban taro. An sha haɗa masu tsananin tsoro da marasa shi a sa su jawabi ana auna bugun zuciya da gumin tafin hannu da numfashi, sai a tarar bambancin kaɗan ne, wani lokaci babu. Babban bambancin yana cikin yadda kowa ke sauraron jikinsa. Mai ciwon yakan juya hankalinsa ciki, ya ji bugun kamar ganga, ya ɗauka abin da yake ji shi mutane ke gani. Zafin fuska ma haka ne: kina jin kamar wuta, amma a fata mai duhu da wuya wani ya lura.

Shi ya sa a jinya ake ɗaukar bidiyo. Kafin ki kalla, za ki rubuta daga 0 zuwa 100 yadda kike zaton rawar hannunki ta fito, sannan ki kalli kanki kamar baƙuwa ce a allon, ki sake ba da maki. Yawanci na biyun yakan faɗo ƙasa sosai.

Bambancin bugu kuwa shi ne 'yar tazarar da ke sauyawa tsakanin bugu da bugu, kuma yana nuna ƙarfin jijiyar bagas, wadda ke taka wa zuciya birki. Gaskiya ne a jimlace yakan yi ƙasa a masu ciwon fargaba. Amma yana sauka da shekaru, da rashin barci, da zazzaɓi, da barasa, da wasu magungunan damuwa. In kina son lambar ta yi ma'ana, ki auna minti 5 a zaune, da safe, a lokaci guda kullum, kafin shan kafeyin, ki kwatanta kanki da kanki na tsawon makonni. Shawararmu dai ki cire agogon ranar taro. Duban lambar na ƙara mai da hankalinki cikin jiki, wato yana ciyar da ciwon.

Tambaya: Ni haka nake tun ina yaro, ga ɗana mai shekara 4 yana ɓuya bayan uwarsa in ya ga baƙo. Gado ne? *Daga wani uba*

Amsa: Akwai gado a ciki, Malam, amma ba shi ne duka ba. Nazarin tagwaye ya nuna kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan ciwo daga ƙwayoyin halitta yake. Ba ƙwaya guda ba ce, ɗaruruwa ne kowacce da ɗan tasirinta, don haka duk wanda ya ce zai goge cikin kunci da auduga ya gwada ƙwayoyin halitta ya faɗa maka makomar ɗanka, ciniki yake yi.

Alamar da ta fi kowace ƙarfi ba a jini take ba, a ɗabi'ar jariri take. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya bi yara tun suna wata 4, ya ga kusan ɗaya cikin biyar suna harba ƙafa, su banƙare, su yi kuka in an nuna musu sabon abu. Da yawansu sun taso masu ɗari-ɗari da baƙo. A 2003 aka wallafa cewa yaran da aka gani da wannan ɗabi'a suna shekara 2, bayan sun girma amigdalarsu ta fi motsi ga baƙuwar fuska. Kusan huɗu cikin goma na irin waɗannan yara ne ke kamuwa da ciwon daga baya. Lissafa da kyau: shida ba sa kamuwa.

Abin da ke hannunka shi ne kada ka riƙa amsa tambaya a madadinsa, kada ka janye shi da zarar ya noƙe, kada kuma ka tura shi da tsawa. Ba shi minti goma ya saba da wuri, ka ba shi ƙaramin aiki da zai iya, gobe ka ƙara kaɗan. Kai shi a duba in tsoron ya shafi yara sa'anninsa ba manya kaɗai ba, ko in yana surutu a gida amma ya yi gum a makaranta fiye da wata guda bayan watan farko na shiga.

Tambaya: An ce ƙarancin sirotonin ne, aka rubuta mini sertraline. Mako biyu ke nan, sai ma na ji abin ya ƙaru. In je a auna sirotonin ɗin? Wani kuma ya ce in nemi propranolol ko maganin shaƙa na oksitosin. *Daga wata mai jinya*

Amsa: Kada ki auna, 'yar'uwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin, wato sinadarin da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi, a hanji ake yin sa, kuma wanda ke cikin jini ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa. Zancen "ƙaranci" ma taƙaitawa ce da ta wuce gona da iri. Masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun wallafa a 2015 cewa da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa ta PET sun ga masu tsoron jama'a suna haɗa sirotonin a amigdala fiye da sauran mutane, ba ƙasa ba. Maganin na aiki, amma ba don yana cika wani tulu da ya ƙafe ba. Tun a 2002 masu binciken wannan jami'a sun nuna cewa waɗanda suka samu sauƙi, ko da ƙwaya ko da jinyar magana, amigdalarsu ta lafa iri ɗaya a lokacin jawabi.

Ƙaruwar fargaba, tashin zuciya da rashin barci a mako na farko da na biyu sananne ne, shi ya sa ake farawa da rabin awo, miligiram 25, kafin a kai 50, kuma likita na iya hawa a hankali har 200. Ba a yanke hukuncin ya yi ko bai yi ba sai bayan mako 8 zuwa 12. In ya yi, ana ci gaba aƙalla wata 6 zuwa 12, a sauka a hankali, domin yankewa farat ɗaya na kawo jiri da jin kamar lantarki a ka. In tunanin cutar da kai ya zo miki, musamman in ba ki kai shekara 25 ba, ki koma asibiti a ranar.

Oksitosin sinadari ne da jiki ke saki, mai alaƙa da shaƙuwa tsakanin mutane. Na shaƙa ya rage motsin amigdala a ɗakin gwaji, amma da aka haɗa shi da jinya bai ƙara waraka ba. Bar shi.

Propranolol yana toshe tasirin adirenalin a zuciya da hannu. Yana taimakon wanda matsalarsa jawabi ko wasa a dandali ne kawai: miligiram 10 zuwa 40, minti 30 zuwa 60 kafin a fara, bayan an gwada shi a gida a ranar da babu komai. Ba ya taɓa tunanin "za su raina ni", don haka ba ya amfanar wanda tsoronsa ya game kowace mu'amala. Mai asma ba ya shan sa, haka mai jinkirin bugun zuciya, kuma yana ɓoye alamun faɗuwar sukari ga mai allurar insulin. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diazepam da barasa kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ki tambayi likitanki jinyar sauya tunani da ɗabi'a, wadda ake kira CBT, irin da aka tsara musamman don wannan ciwo. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, a 2013 ita ta fifita a kan ƙwaya: zama har 14, kowanne minti 90, cikin kusan wata 4. A ciki za a koya miki mai da hankali waje maimakon cikin jiki, a sa ki daina dabarun ɓuya irin su haddace kowace jimla, riƙe kofi da hannu biyu ko kallon ƙasa, sannan ki gwada yanayin da kike gudu ɗaya bayan ɗaya kina rubuta abin da kika yi zato da abin da ya faru. Ana iya haɗa ta da sertraline ɗin da kike sha.